Tambayar da babu amsarta a kaye: yadda ake rubuta maƙalar neman jami'ar waje

Ɗalibin da ya fito daga lise a Yamai ko Tawa ya san takardun da ake haɗawa a dosiye: takardar haihuwa, makin aji, shaidar bak, wasiƙar malamai. Abin da ke tsayar da shi cak shi ne ya buɗe shafin wata jami'a ya tarar an ce masa: "Nemo x." Ba lissafi a gaba, ba lissafi a baya. Jami'ar Shikago ta Amurka ta taɓa ba masu neman shiga wannan tambaya. A wasu shekarun ta tambaye su yadda suke ji game da ranar Laraba, ko mene ne za a iya rabawa da sifiri, ko ta yaya za a kwatanta tuffa da lemo. Yawancin tambayoyin ɗalibanta ne na yanzu da na da suke aiko su, a zaɓi kaɗan kowace shekara. Jami'ar Stanford na cewa ka rubuta wasiƙa ga wanda za ku zauna ɗaki ɗaya. Jami'ar MIT na tambayar abin da kake yi don jin daɗi kawai. Hatta Common App, dandalin da jami'o'i sama da 1000 ke karɓar takardu ta kansa, tambayarsa ta bakwai cewa take ka zaɓi batun da ka ga dama, ka yi rubutu tsakanin kalma 250 da 650.

Masu ba da burs da wasu jami'o'in Afirka ma suna yin irin waɗannan buɗaɗɗun tambayoyi, don haka aikin da za ka yi a nan ba zai tafi a banza ba ko da ba Amurka ka nufa ba. Maganar biza kuwa daban ce, dokokinta na sauyawa, sai ka bincika halin da ake ciki ga ƴan Nijar kafin ka kashe ko dala a kan jarrabawa ko kuɗin rajista.

Mai karanta dosiyenka ya riga ya ga makinka. Yana da tulin takardu a gabansa da mintoci kaɗan ga kowace. Abin da maki bai nuna masa ba shi ne yadda kanka ke aiki idan babu malami a gaban allo, da kuma irin mutumin da za a samu a aji da ɗakin kwana. Shi ya sa ake yin tambayar da ba a haddace amsarta. Babu wata ɓoyayyiyar amsa da aka ajiye a aljihun tebur ana jiran wanda zai cinka.

Abin da filo ya ba ka, da abin da zai ɓata maka

Ɗan tarminal na da wata riba da bai sani ba. Duk tsawon shekarar ana ba shi tambaya mai layi ɗaya a ajin filo, a ce ya kwance kalmominta, ya fito da matsalar da ke ɓoye a ciki, ya duba ta ta fuska biyu. Wannan horo shi ne rabin aikin, kuma ka riƙe shi da kyau. Wanda ya iya tambayar kansa "me ake nufi da rabawa?" kafin ya taɓa sifiri ya riga ya yi gaba.

Sauran abin da disertasiyo ta koya maka kuwa ka ajiye shi a bakin ƙofa. An hana ka cewa "ni", an ce ka ce "mu". An koya maka farawa da "tun fil azal ɗan Adam", ka kawo ra'ayi, ka kawo kishiyarsa, ka sulhunta su, ka yayyafa sunan Sokiratis da Dekart a tsakani. Idan ka yi haka a nan za ka fitar da rubutu mai tsabta wanda ɗalibi dubu za su iya sa wa hannu, kuma mai karatu zai gama shi bai san komai game da kai ba. Magana ɗaya ta wani masani, in har dole ne, ta isa. Mafi yawan lokaci ma ba a bukatarta.

Akwai kuma kunya. Da "yabon kai jahilci" aka raine mu, shi ya sa ɗalibi kan cika shafin da labarin mahaifinsa ko kakarsa, shi kuma ya ɓuya a layi biyun ƙarshe. Ba a ce ka yabi kanka ba. An ce ka faɗi abin da ka gani, abin da ka yi, da abin da ka yi tunani. "Ni mai ƙwazo ne" yabo ne, kuma ba ya gamsar da kowa. "Duk Asabar nakan tara yara 9 a zauren gidanmu mu yi lissafin CM2" labari ne, mai karatu shi zai yanke hukunci da kansa.

Kwance tambayar

Fara da kwafe duk tambayoyin jami'o'in da kake nema a takarda ɗaya, kowace da iyakar kalmominta da ranar rufewa. Za ka ga wasu suna kama da juna, rubutu ɗaya zai iya zama tushen biyu ko uku in an gyara shi. Ka lura kuma da waɗanda aka gina a kan wasan kalmomi na Ingilishi. Idan tambaya ta yi maka kamar ba ta da kai, kai wa malamin Ingilishi ya duba ko akwai karin magana a ƙarƙashinta. In ya bayyana maka amma har yanzu ba ta motsa ka ba, wuce ta. Shikago na ba da zaɓi da dama, har da damar ɗaukar tambayar wata shekara da ta wuce ko ka ƙirƙiro taka.

Ka ware minti 15 ga kowace tambayar da ta rage. Da bik da takarda, ba a salula ba, ka jero amsa 20 ba tare da ka tsaya auna su ba. Biyar ko shidan farko ka soke su. Kamar sheƙar hatsi ce, ƙaiƙayi ke fara tashi. Ga "nemo x" kusan kowa zai fara da cewa x shi ne makomarsa, ko farin ciki, ko shi kansa. Ba ƙarya ba ne, sai dai mai karatu ya gan su har ya gaji. Daga ta goma zuwa sama ne abubuwan da kai kaɗai za ka iya faɗa suke fara leƙowa.

A wata takardar daban ka rubuta abubuwa 30 da ka sani da hannunka da idonka, ba daga littafi ba. Yadda kake ninka kuɗi da biyar a ka duk lokacin da mai kanti ya ce dala ashirin kai kuma kana tunanin 100. Yadda ake jera albasa a rudu don iska ta ratsa, da yadda ake gane wadda ta fara ruɓa. Yadda masu gyaran salula ke aiki a kasuwa, yadda ake neman kayan gyara a Katako. Layin ƴan garuwa a famfo da yadda suke sanin wanda ke gaba. Yadda gida ke sauyawa idan maza sun tafi cirani Abijan. Kada ka raina komai, domin abin da ya zame maka ruwan dare a unguwa mai karatu bai taɓa jin sa ba. Sannan ka ajiye takardun biyu gefe da gefe ka nemi inda tambaya ɗaya ta haɗu da abu ɗaya. Ɗaya tak. Wanda ya cusa abu biyar a kalma 650 ba ya samun wurin yin tunani a kan ko ɗaya.

A ce wata ɗaliba ce daga wani ƙauyen Adar, tana tarminal D a Tawa, ta ɗauki "nemo x". A takardarta ta biyu ta rubuta "ranar shuka". Ga yadda za ta tafi da shi.

Za ta fara da safiyar da ta biyo bayan ruwan farko: kawunta ya durƙusa a gona ya tona ƙasa da hannu yana duba inda danshi ya tsaya, maƙwabci ya riga ya fito da sungumi, wani ma tun kafin ruwa ya yi binne. Iri ƙidayayye ne. Wanda ya shuka da wuri, in fari ya biyo baya, tsiron ya ƙone sai ya sake neman iri. Wanda ya jira da yawa damina na iya ɗaukewa hatsi bai nuna ba. A layi na huɗu ko na biyar sai ta faɗa a fili: x ita ce ranar da ya kamata a shuka. Mai karatu ya san inda aka dosa, hankalinsa ya kwanta.

Daga nan tunanin zai soma. Ta je ta karanta ta tarar masana yanayi na Sahel suna da ƙa'idar gane farkon damina: ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana 3 a jere, kuma kada a samu fari na sama da kwana 7 cikin kwana 30 da suka biyo baya. Da farko ta yi murna, ga lissafi ya warware abin da kawu ke yi da hannu. Sai ta lura da sharaɗi na biyu: ba a tabbatar da shi sai bayan wata guda. Ke nan ƙa'idar na gaya maka x ne bayan lokacin amfani da ita ya wuce, manomi kuwa dole ya yanke shawara da safen nan. Wannan juyi shi ne zuciyar maƙalar. A nan mai karatu ke ganin yarinya ta riƙi wani ra'ayi, ta gwada shi, ta ga inda ya gaza, ta gyara. Sai ta ci gaba: ashe shi ya sa wasu ba sa zuba duk irinsu rana ɗaya, ko suke shuka gona ɗaya su jinkirta ɗaya. Ba su nemo x ba, sun rage asarar kuskure ne. Ta faɗi abin da ita ta yi da wannan fahimta, in ta yi wani abu da gaske, misali ta yanke gora ta kafa a tsakar gida tana rubuta yawan ruwan kowace rana a kaye. In ba ta yi ba kada ta ƙirƙira. Ta rufe da tambayar da har yanzu ba ta warware ba, wadda take son karatun lissafin yiwuwa ko ilimin yanayi ya taimaka mata a kai.

Ka lura babu inda ta ce tana da basira, babu inda ta roƙi tausayi, kuma ta amsa tambayar da aka yi mata.

Idan kalma 650 gare ka, kasafin da ke aiki shi ne kamar 120 ga abin da ido ya gani, 350 ga tunani da juyinsa, 130 ga abin da ka yi ko ya sauya a gare ka, sauran ga rufewa. Ba doka ba ce, ma'auni ne na gane inda rubutu ya karkata. Mafi yawan buruyon farko labari ke cinye kashi biyu cikin uku, tunani ya samu sakin layi ɗaya a gurguje. Idan naka haka yake, daga farko za ka yanke. Sau da yawa sakin layin farko gaba ɗaya share fage ne kawai, cire shi ba ya rage komai.

Inda ake yawan faɗuwa

Wasu kan fara da darasin labarin ƙasa: Nijar ƙasa ce a Yammacin Afirka, ba ta da teku, tana cikin matalautan duniya. Mai karatu na iya samun wannan cikin daƙiƙa biyar, kuma ka kashe kalma 60 ba ka shigo ba tukuna. Wahalar da ka sha ta gaske ce, kana da haƙƙin faɗinta, amma ka faɗe ta inda take bayyana wani abu da ka yi. Karatu da fitilar salula saboda an ɗauke wuta zai shiga idan shi ne ya sa ka koyi haɗa batir da farantin sola. In an jero wahalhalu kawai, mai karatu zai tausaya, sai dai bai ga ɗalibin da zai sa a aji ba.

Kishiyar wannan ita ce mantawa cewa baƙo ake wa magana. Ka rubuta tiya, ko fada, ko rudu, ka wuce abinka. Kalma ɗaya ko biyu na gida suna ƙara wa rubutu armashi, amma kowace ka bi ta da bayanin da bai wuce kalma shida ba, a cikin jimlar, ba tare da ka tsaya yin lacca ba.

Akwai masu ganin tunda tambayar baƙuwa ce dole amsar ma ta zo da siddabaru: waƙa, ko wasan kwaikwayo, ko kalma ɗaya a tsakiyar farin shafi. Jami'a kamar Shikago na maraba da sabon salo, gaskiya ne. Amma a harshen da yake na uku ko na huɗu a bakinka, barkwanci da wasan kalmomi su ne suka fi saurin zamewa. Gwajin mai sauƙi ne: cire salon, ka faɗi abin da rubutun ke cewa cikin jimla biyu. In babu abin faɗa, salon ne kawai ke tsaye. Rubutu miƙaƙƙe mai tunani na gaske ya fi.

Addini da siyasa ba haramun ba ne. Wanda ya yi shekaru a makarantar allo yana da abin faɗa mai yawa game da hadda, haƙuri da yadda ƙwaƙwalwa ke riƙe abu. Abin da ba ya aiki shi ne wa'azi ko jawabin gangami, domin a nan ma kai ka ɓace, saura ra'ayin da kowa ya sani.

Gajerun tambayoyi kuwa wasa ne daban. Princeton da Stanford na da masu iyakar kalma 50, Yale na da masu harafi 200, wato kusan kalma 35. Kada ka maimaita tambayar, kada ka yi gabatarwa. Kalmar farko ta zama amsa, sauran su zama dalili ɗaya ƙwaƙƙwara. A wasiƙar abokin ɗaki ta Stanford, mai iyakar kalma 250, yi magana kamar da sa'anka: cewa za ka tashi da asuba amma ba za ka kunna fitila ba, cewa kana dafa shayi sau uku kuma ba a tashi sai an sha na ukun, cewa ba ka taɓa ganin dusar ƙanƙara na zuba ba. Kada ka sake jero masa lambobin yabon da ke wani shafin. Ka kuma tabbata kowace amsa ta nuna wani ɓangarenka daban, kada duka su koma kan ƙwallo.

Kada ka ɗauki wannan salo ka kai Ingila. Takardar UCAS, dandalin neman jami'o'in can, harafi 4000 ce, daga masu shiga a 2026 an raba ta tambaya uku, kuma kusan duk a kan fannin da kake nema take: me ya sa shi, me ka karanta, me ka yi don shiri. Can labarin ranar shuka zai shiga ne a layi biyu kawai, a matsayin hujjar sha'awarka ga fannin.

Harshe da gyara

Yi tunaninka da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci, duk wanda ya fi zo maka. Wata dabara mai amfani ita ce ka ɗauki muryarka a salula kana ba wani aboki labarin na minti 5, sannan ka saurara ka tsinci jimlolin da suka fito da rai. Amma buruyon kansa ka rubuta shi kai tsaye da Ingilishi, da gajerun jimloli. Wanda ya rubuta da Faransanci ya zuba a Google Translate yakan fito da jimloli masu tsawon layi huɗu da kalmomi masu nauyin da ba ya amfani da su a baki. Dogon rufewar ladabi na wasiƙar ofis ma ba shi da wuri a nan.

Game da ChatGPT da ire-irensa, dokar Common App ta ɗauki miƙa abin da na'ura ta rubuta a matsayin naka a cikin zamba, kuma hakan na iya jawo a soke takardunka. Ko ba a kama ka ba, na'urar ba ta san rudu ba, ba ta san kawunka ba, abin da za ta ba ka shi ne amsoshin nan biyar na farko da ka riga ka soke. Sannan akwai makin jarrabawar Ingilishi ta TOEFL ko Duolingo a dosiye ɗaya. Idan Ingilishin maƙala ya yi wa na jarrabawa nisa ƙwarai, tambaya za ta taso.

Bayan buruyon farko ka bar shi kwana 3, sannan ka karanta da ƙarfi. Duk inda numfashi ya yanke, jimlar ta yi tsawo. Ba mutum biyu kawai su karanta: wanda ya san ka sosai, da malamin da ya san Ingilishi. Na farko ka tambaye shi ko ya ji muryarka a ciki. Na biyu ka roƙe shi da ladabi: "Malam, a ja mini layi a ƙarƙashin kuskure, ni zan gyara." In ka bari ya sake rubuta maka, rubutun zai koma na dattijo ɗan shekara hamsin, kuma masu karatu sun saba gane haka. Idan masu gyara suka kai biyar, kowa zai cire abin da bai saba gani ba, daidai abin da ya sa rubutun ya zama naka. Buruyo huɗu zuwa shida abu ne da aka saba, shi ya sa mako shida ne mafi ƙarancin lokacin da ya kamata ka ware.

Common App na buɗewa ranar 1 ga Agusta. Masu neman shiga da wuri yawanci 1 ga Nuwamba ne wa'adinsu, sauran kuma farkon Janairu. Ga ɗan tarminal, wannan na nufin hutun damina ne lokacin jera amsoshi da buruyon farko, don daga Oktoba darussa da dabuwa ba za su bar shi ya numfasa ba. Rubuta a Google Docs ko ka riƙa tura wa kanka kwafi, kada aikin ya zauna a kwamfutar siber kaɗai. Idan ka manna rubutun a akwatin shafin, duba yadda ya fito kafin ka aika: sakin layi kan haɗe, haruffa masu lanƙwasa irin ɗ da ƙ na iya rikiɗewa, kuma akwatin ba ya karɓar ko kalma ɗaya sama da iyaka. Duba kuma da agogon wace ƙasa ake rufewa, domin ba duka jami'o'i ke bin ƙa'ida ɗaya ba. Ka aika saura kwana 3, saboda a watan Janairu ma ana ɗauke wuta, intanet kuma na iya yankewa ana tsakiyar lodi.